Daga Ayari zuwa Kujerar Jirgi: Tarihin Wahalar Hanyar Makka a Ƙasar Batsari da Safana

Batsari da Safana ƙananan hukumomi ne guda biyu da ke yammacin Jihar Katsina, a bakin dajin Rugu wanda ya shiga tsakaninsu da ƙasar Zamfara, kuma a tsarin masarautar Katsina Sarkin Ruma ne ke riƙe da Batsari, Yariman Katsina kuwa a Safana yake zaune. Mafi yawan mutanen wannan yanki manoma ne da makiyaya, masu shuka gero da dawa da gyaɗa da auduga, masu ajiye dukiyarsu a shanu da tumaki, kuma a cikinsu ba safai ake samun wanda kasuwanci ko karatu ya ɗora shi a jirgin sama ya ƙetare ƙasashe ba. Doguwar tafiyar sama guda ɗaya da manomin Wagini ko makiyayin Runka, garuruwan wannan yanki, yake sa ran yi a rayuwarsa ita ce ta aikin Hajji, saboda haka duk mai neman tarihin wahalar jirgin sama a wannan ƙasa ba zai same shi a wani wuri ba sai a tarihin hanyar Makka. Abin da wannan tarihi yake nunawa shi ne jirgi bai kawar da wahalar tafiya ba, siffarta ya sauya: da can wahala ce ta motsi wadda ke shimfiɗe a kan shekaru, matafiyi kuma yana da ta cewa a cikinta, yanzu kuwa ta koma ta zama da jira, an dunƙule ta cikin 'yan kwanaki, ragamarta kuma tana hannun wasu.

Kafin ƙarni na 19 hanyar da ta fi suna ita ce ta arewa, wadda ke ratsa hamada ta Agadas da Gat da Fezzan har Alƙahira, inda alhazan Yamma ke haɗuwa da babban ayarin Masar. Katsina tana bakin wannan hanya, kuma malaminta Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, masanin lissafi da ilmin haruffa, ya bar gida ya yi Hajji bai dawo ba, ya rasu a Alƙahira a 1741. Daga baya hanyar gabas ta rinjaya, wato ta Barno da Wadai da Darfur da Kordofan zuwa kogin Nilu, sannan Sawakin a gaɓar Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas da ɗimbin jama'a aka kashe shi a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ƙarasa da sauran jama'ar har bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake har yau. Wannan hijira ta ƙara buɗe hanyar, domin daga nan mai tafiya Makka ya san zai tarar da masu jin harshensa a zango bayan zango.

Dalilin da ya sa talaka ya iya kama wannan hanya yana cikin fiƙihun da malaman ƙasar Hausa ke karantarwa. Sharaɗin wajabcin Hajji shi ne istiɗa'a, ma'ana samun iko, kuma a mazhabar Malikiyya ba a ɗaure wannan iko ga mallakar abin hawa da guzurin da zai kai mutum ya dawo da shi ba. Wanda ke da ƙarfin takawa da ƙafa, yana da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, kuma akwai aminci ga ransa da dukiyarsa, ana lissafa shi cikin masu iko. Don haka mutum kan tashi da matarsa da 'ya'yansa da jakinsa bayan an kai amfanin gona gida, ya yi tafiya iyakar abin da ke hannunsa, in ya ƙare ya yada zango ya yi noma ko ɗinki ko wanzanci ko koyar da allo, har ya tara abin da zai kai shi gari na gaba. Da aka gama madatsar ruwan Sannar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, dubban Hausawa da Fulani da Barebari masu niyyar Makka suka zama 'yan ƙodago a can, mutanen Sudan suna kiransu Fallata ko Takari. Tafiyar takan ci shekara uku ko biyar ko fiye, ana haihuwa a cikinta ana binne mamata, kuma da yawa ba su isa Makka ba, wasu sun isa ba su komo ba. Ƙishirwa da ciwo da 'yan fashi da masu kama bayi su ne haɗurran hanya, shi ya sa mai tafiya kan raba gadonsa ya yi wasiyya ya nemi gafarar dangi kafin ya fita, al'adar da ragowarta ke nan har yau a zagayen ban kwana da maniyyaci, wato wanda ya ƙulla niyyar Hajjin bana, yake yi gida gida. Duk da tsananin wannan hali, akwai abu guda da ya kamata a lura da shi: matafiyin shi ke zaɓen ranar tashi da ranar hutu, in ya gaji ya zauna, in rana ta yi ya sauka ya yi alwala da ruwan rijiya ya yi sallarsa a ƙasa yana fuskantar gabas, kuma jikinsa yana sabawa da sabuwar ƙasa a hankali, gari bayan gari.

Masarautar Katsina ce ta fara nuna wa Arewa cewa akwai wata hanya. A 1921 Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya gangara Ikko ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, daga can ya wuce Jidda ya sauke farali a zamanin da Sharif Husaini ke mulkin Hijaz, ya komo kan gadonsa cikin watanni. Wannan hanya ta sarakuna da attajirai ce, talakan Ruma bai isa ya bi ta ba, amma ta dasa tunanin cewa ana iya zuwa Makka a dawo a shekara guda. Motoci suka biyo baya a kan tsohuwar hanyar ayari, ana ɗaukar mutane daga Kano zuwa Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, da Abeshe da Junaina da Fashir har Ubayyid, inda layin dogo na Sudan ya iso tun 1912, daga nan a hau jirgin ƙasa zuwa bakin teku. A ƙarshen shekarun 1940 wasu attajiran Kano, Alhaji Haruna Ƙasim da Ibrahim Musa Gashash da Mahmud Ɗantata, suka kafa kamfanin jigilar alhazai na Afirka ta Yamma, wanda taƙaitaccen sunansa, Wapa, ya zama sunan kasuwar 'yan canji da ke Fagge. Wahalar babbar mota ta riga ta fara kama da ta jirgi: cunkoso, ƙura, kumburin ƙafa, da jiran direba ya ga damar tsayawa.

Jirgin sama ya fara sauka a Kano a farkon Nuwamba 1925, lokacin da jirage uku na sojan Ingila suka taso daga Masar ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano, kuma abin lura shi ne zangunan da ya zaɓa, Ubayyid da Fashir da Junaina da Fort Lamy da Maiduguri, su ne dai zangunan mai jaki, domin ƙaramin jirgi mai farfela yana buƙatar sauka ya sha mai kamar yadda ayari ke buƙatar rijiya. Bayan yaƙin duniya na biyu aka fara ɗaukar alhazai ta sama daga Kano, kuma a shekarun 1950 manyan Arewa suka rungumi abin. Alhaji Abubakar Imam, wanda ya yi karatu ya kuma koyar a Katsina, ya kai ƙudiri majalisar wakilai a 1953 yana neman a buɗe ofishin kula da alhazan Nijeriya a Jidda, Sardauna Ahmadu Bello kuma ya yi Hajjinsa na farko a 1955. Gwamnati ta shiga harkar sannu a hankali har aka kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, wadda magajiyarta ta yanzu, NAHCON, ta samu dokarta a 2006. Da kuɗin man fetur suka shigo, kuma manyan jirage masu ɗaukar ɗaruruwan mutane suka yawaita, adadin alhazan Nijeriya ya haura 100,000 a 1977, kuma a wannan zamani ne manomin yammacin Katsina ya fara sayar da bijimai biyu ko uku ya biya abin da ake kira kujera, wato gurbin mutum ɗaya a cikin kason jiharsa. A lokacin ƙasar Katsina tana cikin Jihar Kaduna, ba ta zama jiha ba sai a Satumba 1987, kuma filin jirgin Kano ne ƙofar fita, har zuwa lokacin da Katsina ta samu nata filin, wanda daga baya aka sa wa sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa.

Tsakanin Kano ko Katsina da Jidda akwai kusan kilomita 3,400, jirgi kan cinye su cikin sa'a huɗu da rabi zuwa biyar. Wanda ya ji wannan zai ɗauka maganar wahala ta ƙare, amma sa'o'in da ake yi a sama su ne ƙaramin ɓangare na tafiyar. Jigilar alhazai ba irin zirga-zirgar yau da kullum ba ce. Ana ɗauko jirage kaɗan haya a ba su aikin kwashe dubun dubatar mutane cikin 'yan makonni, jirgi ya tafi cike ya dawo wayam ya sake ɗauka, kuma kowace sauka a Jidda ko Madina tana da ƙayyadadden lokacin da hukumar Saudiyya ta ware. In jirgi ɗaya ya samu matsalar inji, ko bizar wasu ta makara, ko guzurinsu na kuɗin waje bai fito ba, jinkirin ba ya tsayawa ga sahu ɗaya, duk waɗanda ke bayansa sai sun ja da baya. Nan ne sansanin alhazai ya shigo tarihi, wato masaukin da ake tara maniyyata kafin a kai su filin jirgi. Ana kiran ƙaramar hukuma ta rediyo, a ce maniyyatan Batsari ko na Safana su hallara, mutum ya yi ban kwana da iyali cikin kuka da addu'a, 'yan rakiya su raka shi Katsina, sannan ya kwana biyu ko uku a kan tabarma yana sauraron lasifika. Wanda ke zaune a birni yana iya komawa gida ya kwana, wanda ya fito daga ƙauyen bakin daji kuwa ba ya iyawa, kuma ko da zai iya kunya ba za ta bar shi ba, tun da an riga an yi masa addu'ar tafiya.

A cikin jirgin kansa akwai wahalhalu waɗanda ba laifin kowa ba ne, sun samo asali daga yanayin sama. Jirgi yana tafiya a tsayin kilomita 10 zuwa 12, inda iska ta yi siririn da mutum ba zai rayu ba, saboda haka ake matsa iska a cikin ɗakin fasinja, amma ba a kai ta nauyin ta ƙasa. Abin da jiki ke ji daidai yake da zama a kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Mai lafiya ba zai lura ba in ban da kasala da ɗan ciwon kai, tsoho mai ciwon zuciya ko na huhu kuwa yana iya jin numfashinsa ya yi gajere, kuma alhazan karkara da yawa tsofaffi ne, domin sai mutum ya aurar da 'ya'ya ya tara abin hannu kafin ya kai ga kujera. Sauyin nauyin iska lokacin tashi da sauka shi ke toshe kunne ya sa shi zafi, musamman ga mai mura, kuma haɗiyar yawu ko tauna wani abu kan buɗe shi. Danshin iskar jirgi yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, bushewar da mutumin Katsina ya sani a tsakiyar hunturu, leɓe ya tsage maƙogwaro ya bushe. Zama wuri ɗaya da ƙafa a lanƙwashe yana rage gudun jini a jijiyoyin ƙauri, ƙafa ta kumbura, wani lokaci jinin ya daskare ya zama gudaji mai haɗari in ya gangara huhu. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ya nuna cewa haɗarin wannan daskarewa yana ninkawa bayan tafiyar sa'a huɗu a zaune. Maganinsa shi ne shan ruwa da miƙewa a ɗan taka, amma a jirgi ƙirar Boeing 747 da aka cika da kujeru don ya ɗauki mutum fiye da 500, tsohuwar da ke tsakiyar layi ba za ta tashe maza biyu don ta wuce ba, kuma da yawa da gangan suke ƙin shan ruwa don gudun zuwa bayan gida.

Maganar bayan gida ba ƙaramar magana ba ce, ko da yake ba a son yin ta a bainar jama'a. An ƙera makewayin jirgi don mutanen da ke zama a kan kujera su yi amfani da takarda, alhali wanda ya tashi a Safana ya saba da tsuguno da buta, kuma tsarki da ruwa a wurinsa sharaɗin ibada ne. Ɗakin ƙunci ne, ƙofarsa tana da makulli na dabam, rubutun da ke jikinta ba da harshensa ba ne, ruwan da ya zuba a ƙasa kuma ba shi da mafita. Daga nan ne ake samun ɓacin rai tsakanin ma'aikatan jirgi, waɗanda sau da yawa baƙi ne da aka ɗauko tare da jirgin haya, da fasinjojin da ba su ji abin da ake gaya musu. Hukumomin alhazai sun gane haka, shi ya sa bita, wato darussan da ake yi wa maniyyata a ƙananan hukumomi kafin tafiya, ba ta tsaya ga ɗawafi da sa'ayi da jifa ba, takan haɗa da yadda ake ɗaura bel da yadda ake shiga makewayi. Ba daidai ba ne a mai da wannan abin dariya, kamar yadda wasu 'yan birni ke yi da labaran alhajin ƙauye, domin mutumin da ya san kowace saniya a garke ta ɗari da kamanninta ba wawa ba ne, an sa shi ne a cikin na'urar da ba a yi tunaninsa ba lokacin da ake ƙera ta.

Ibada ma ta haɗu da tambayoyin da mai ayari bai san su ba. Agogon Saudiyya yana gaban na Nijeriya da sa'a biyu, jirgin da ya nufi gabas kuma yana tarar da rana da wuri, don haka lokacin salla kan shiga ya kusa fita mutum yana ɗaure a kujera, ba wurin tsayuwa, ba tabbacin alƙibla, ba ƙasar taimama. Malamai suna ba da rangwamen haɗa salloli biyu da yin ƙasaru da yin salla a zaune in ba makawa, amma wanda ya shekara hamsin yana sa goshi a ƙasa ba ya samun natsuwa da nuni. Sai kuma batun miƙati, wato iyakar da mai nufin Makka ba ya ƙetare ta sai da harami. Mai zuwa ta teku yana da lokacin yin wanka ya shirya kafin jirgin ruwa ya zo daidai da iyakar, jirgin sama kuwa yana wuce ta cikin ƙiftawar ido, kuma malamai sun yi saɓani a kan ko ya halatta a jinkirta har a sauka Jidda. Masu bin ra'ayin taka tsantsan sukan ɗaura harami tun daga filin tashi, su zauna sa'o'i da ƙyalle biyu marasa ɗinki a ƙarƙashin sanyin na'ura, kai a buɗe, su sauka da mura. Tsarin da aka koma a shekarun baya-bayan nan na kai mafi yawan alhazan Nijeriya Madina da farko ya rage wannan matsala, domin sai su ɗauki harami a Zul Hulaifa lokacin da za su gangara Makka da mota. Ko goro, abokin tafiyar Bahaushe tun zamanin fatake, hukumomi suna gargaɗin kada a ɗauka saboda dokar Saudiyya ta hana shiga da shi, kuma tsohon da ya saba da shi yana jin rashinsa a jiki.

Tsoron da ke zuciyar maniyyaci lokacin da jirgi ya fara gudu a kan titi yana da tushe a abin da jama'a suka gani. Ranar 22 ga Janairu 1973 jirgi ƙirar Boeing 707 na kamfanin Jodan, wanda Nigeria Airways ya ɗauko haya don dawo da alhazai daga Jidda, ya yi haɗari wajen sauka a Kano cikin hazo da iska, ya kama da wuta, mutum 176 suka rasu daga cikin 202 da ke ciki. Ranar 11 ga Yuli 1991 wani jirgin haya ƙirar DC-8 mallakar wani kamfanin Kanada ya tashi daga Jidda zai kai alhazai Sakkwato, tayoyinsa da ba su da isasshiyar iska suka fashe suka kama wuta, ya faɗi kafin ya samu komawa filin, duk mutum 261 da ke ciki suka rasu. Haɗarin na biyu ya fi ciwo, domin bincike ya nuna an san da ƙarancin iskar tayoyin aka bar jirgin ya tashi don kada a makara. In an auna da yawan waɗanda suka hallaka a hanyar Wadai da Darfur ba tare da an rubuta sunansu ba, jirgi ya fi aminci nesa ba kusa ba, amma mutuwar ɗaruruwa a lokaci guda tana zama a ƙwaƙwalwar al'umma fiye da mutuwar ɗaiɗaiku.

Sauka ma ba ta kawo ƙarshen jira. Filin jirgin Sarki Abdul'aziz da aka buɗe a Jidda a 1981 yana da sashen alhazai mai rufin tantuna 210, gini ne da masana suka yaba, amma an tsara shi ne a kan cewa alhaji zai yi sa'o'i a ƙarƙashinsa ana duba fasfo da katin rigakafi da kaya. Takarda ta zama sabuwar hamada. A 1996 Saudiyya ta hana alhazan Nijeriya shiga saboda annobar sanƙarau da ta ɓarke a Arewa, mutanen da suka sayar da dabbobi suka biya kujera suka koma gida. A Satumba 2012 an tsare matan Nijeriya kusan 1,000 a filayen jirgin Jidda da Madina a kan cewa ba su da muharrami, wato namijin da aure ya haramta tsakaninsu ko miji, suka kwana da kwanaki a zaune, aka mayar da wasu gida ba su ga Ka'aba ba, dokar da Saudiyya ta sassauta daga baya. Dawowa kuwa takan fi tafiya zafi, domin guzuri ya ƙare, jiki ya gaji da Mina da Arfa, ga tarin da kusan kowa ke ɗaukowa, ga rigimar awon kaya, tun da shekaru da dama an iyakance alhaji ga babbar jaka mai kilo 32 da ta hannu mai kilo 8, alhali kowane gida a unguwarsu yana jiran tsaraba ta dabino da bagaruwa da carbi da zamzam. Kuma da yake watan Hajji yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, a shekarun nan ya faɗo a farkon damina, wato manomin da jirginsa ya makara da mako biyu yana zaune a Makka zuciyarsa tana gona.

Al'adar Hausa ta ɗora wa alhaji nauyin haƙuri, ana ce masa baƙon Allah, ana gaya masa lada gwargwadon wahala, kuma in ya dawo aka tambaye shi hanya ba abin da zai ce sai godiya. Wannan tarbiyya ce mai kyau, amma ta sa wahalhalun da ke da magani sun daɗe ba a magance su ba, domin an haɗa su a ƙunshi ɗaya da waɗanda ba su da shi. Toshewar kunne da bushewar iska hukuncin sama ne. Kiran tsoho daga ƙauye kwana uku kafin jirginsa, da rashin mai yi masa bayani da Hausa ko Fulatanci a cikin jirgi, da barin sa ba labari a filin Jidda, aikin mutane ne. An samu gyara, ba shakka. Kamfanonin 'yan Arewa irin su Kabo Air na Kano da Max Air na attajirin Katsina Alhaji Ɗahiru Barau Mangal sun shiga jigila, tashi daga Katsina ya rage wa mutanen yankin doguwar hanyar Kano, kuma wayar hannu ta sa iyali suna jin muryar alhajinsu kullum maimakon jiran labari daga bakin wanda ya riga shi dawowa.

Sai dai shekarun baya-bayan nan sun dawo da wasu haɗurran da aka ɗauka jirgi ya binne su. Satar shanu da garkuwa da mutane daga dajin Rugu sun addabi Batsari da Safana har gwamnati ta yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar a Satumba 2021, su biyun suna ciki. Garken da ake sayarwa a biya kujera shi ɓarayi suka kora, kuɗin da aka tara don Makka sau da yawa kuɗin fansa suka zama, kuma 'yar tafiyar da ke tsakanin ƙauye da Katsina ta fi sa'o'in sama ban tsoro. A can gabas kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilu 2023 ya rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen alhazai suka koma zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo kuɗinta ya ƙaru. Junaina da Fashir da Ubayyid, zangunan ayari da mota da jirgi mai farfela, sun zama fagen fama, jikokin Takari da ke zaune a Jazira da Sannar suna cikin masu gudun hijira. Tun kafin yaƙin ma tsarin biza da na kaso, wanda ke bai wa kowace ƙasa kimanin kujera ɗaya ga Musulmi 1,000 kuma ya ba Nijeriya 95,000 a 2023, ya riga ya toshe hanyar ƙasa ga mai tafiya yana neman abinci da sana'arsa. A 2025 kujerar maniyyacin Arewa ta haura naira miliyan 8, kuma ana biyan ta ne gaba ɗaya watanni kafin tashi, ba zango zango ba.